Laka da Jijiyoyi: Hanyar da ke Tsakanin Niyya da Aiki

 

Ya ku ƴan uwa masu karatu, malamanmu sun yi dogon bayani a kan niyya, sun kuma yi dogon bayani a kan aiki, har yaron da ya fara karatun Ahalari ya san cewa aiki ba ya tsayawa sai da niyya. Amma akwai wani abu tsakanin waɗannan biyu wanda ba a cika waiwayarsa ba, shi ne hanyar da niyya take bi a cikin jiki kafin ta zama aiki. Mutum ya ƙudurta ɗaga hannu, hannu ya ɗagu, sai ya ɗauka ƙudurin da ɗagawar abu guda ne, alhali kuwa saƙo ne ya tashi daga ƙwaƙwalwa, ya gangara ta cikin laka, ya fita ta jijiya, ya isa ga tsoka. Wannan hanya tana iya yin aiki kafin mai ita ya sani, tana iya yankewa ta bar niyya ba mai isar da ita, tana kuma iya toshewa ta ɓangaren ji har gaɓa ta ƙone mai ita bai ji ba. Daga nan tambayoyi uku suka taso, waɗanda muke son mu duba a wannan fitowa: wa ke da alhakin aikin da ba niyya? Mene ne matsayin mutumin da ke da niyya amma jiki ya ƙi bin sa? Kuma zafin ciwo azaba ne ko jinƙai? Ba za mu iya amsa su ba sai mun fara sanin ita kanta hanyar.

Siffar laka

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta, ko ya sassara gadon bayan ragon layya, ya ga wata farar igiya mai laushi kwance cikin ramin ƙashi. Ita ce laka, wadda Larabawa suke kira nukha'u. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ƙarfin jiki yana da alaƙa da ita, shi ya sa yake cewa da raggo ba shi da laka. A jikin baligi tsawonta bai wuce santimita 42 zuwa 45 ba, kaurinta kamar na ƙaramin yatsa, nauyinta kimanin giram 30 zuwa 35. Tana farawa daga babbar kafar da ke ƙasan ƙoƙon kai, inda ta haɗe da ƙwaƙwalwa, ta gangaro har ta tsaya daidai ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu. Daga nan zuwa ƙasa babu laka, sai wani tarin jijiyoyi da suka zubo kamar gashi, wanda likitoci suka sa wa suna wutsiyar doki saboda kamanninsa.

An tsare ta da kariya kashi uku. Na farko ƙasusuwan gadon baya, guda 33 a jere: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a ƙugu, 5 da suka manne suka zama ƙashi ɗaya a tsatso, sai ƴan ƙanana 4 a ƙarshe. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai guringuntsi mai shanye jijjiga. Na biyu tantani rufi uku da suka naɗe ta. Na uku wani ruwa garai-garai da take iyo a ciki ita da ƙwaƙwalwa, wanda yawansa bai wuce mililita 150 ba, amma jiki yana sabunta shi sau uku ko fiye a kowace rana.

Idan aka yanka laka a gicciye, sai a ga tsakiyarta ruwan toka ce mai siffar malam-buɗe-littafi ya baje fikafikai, kewayenta kuma fari. Ruwan tokar nan mazaunin ƙwayoyin jijiya ne, farin kuma hanyoyi ne, wasu na hawa da labari zuwa ƙwaƙwalwa, wasu na saukowa da umurni. Daga gefenta na dama da na hagu jijiyoyi suke fitowa bibbiyu, har tagwaye 31: 8 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a tsatso, 1 a can ƙarshe. Kowace jijiya tana da saiwa biyu. Saiwar baya ita ke shigo da ji, wato taɓi da zafi da sanyi da raɗaɗi. Saiwar gaba ita ke fitar da umurnin motsi. Ban da waɗannan akwai tagwaye 12 da suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, masu kula da gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da motsin fuska da harshe.

Bayan sun fito, jijiyoyin suna sarƙewa da juna sa'an nan su rarrabu. Na ƙasan wuya suna bi ta hammata su ciyar da hannu. Ɗaya daga cikinsu tana ratsa bayan gwiwar hannu dab da fata, ita ce wadda in an buge ta mutum yakan ji kamar minjirya ta taɓa shi har ƙaramin yatsa. Daga wuya kuma, tsakanin jijiya ta 3 da ta 5, ake samun wadda ke motsa tsokar da ta raba ƙirji da ciki, wadda da ita ake jan numfashi. Mafi girma a jiki duka ita ce wadda ta taso daga ƙugu da tsatso, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, ta rabu a bayan gwiwa har ta kai tafin ƙafa. Faɗinta ya kai na babban yatsa, kuma wasu zarurrukan da ke cikinta sun kai tsawon mita guda. Akwai kuma jijiyoyin da ba sa jiran umurninmu ko kaɗan, masu kula da bugun zuciya, da gumi, da tafiyar hanji, da riƙon mafitsara.

Saƙo ba ya tafiya da sauri ɗaya a kowace jijiya. A masu kauri, waɗanda aka lulluɓe da wani farin kitse, yakan kai mita 120 a sakan guda. A sirara marasa lulluɓi bai wuce mita 1 ko 2 ba. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan fara jin wani kaifin zafi nan take, sai bayan ɗan lokaci raɗaɗin nan mai nauyi ya iso.

Yadda aka san wannan

Wannan sani bai zo a rana ɗaya ba, kuma ba al'umma ɗaya ta tara shi ba. Wata tsohuwar takarda ta Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta siffanta mutumin da wuyansa ya goce, hannuwansa da ƙafafunsa suka mutu, fitsari kuma yana zubar masa. A ƙarni na 2 na Miladiyya, Jalinusu likitan Rum ya riƙa yanke lakar dabbobi a wurare daban-daban, ya ga cewa duk abin da ke ƙasa da yankan yana mutuwa, abin da ke sama kuma yana nan da ransa. Shi ne ya ba da labarin wani mutum da ya faɗo daga keken doki, daga baya wasu yatsunsa suka daina ji. Likitoci suka yi ta shafa magani a yatsun ba sauƙi, shi kuwa da ya ji labarin faɗuwar sai ya mai da maganin can saman gadon baya inda jijiyar ta fito. Likitocin Musulmi irin su Razi, wanda ya rasu a 925, da Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, sun karɓi wannan ilimi, sun tsara shi, sun ƙara a kansa.

Malaman fiƙihu ma ba su jahilci laka ba. A mazhabar Malikiyya an lissafa yankewar laka cikin raunuka biyar da dabba ba ta rayuwa bayansu, har aka ce dabbar da ta faɗo lakarta ta yanke, yanka ba ya halatta ta. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya sanya cikakkiyar diyya ga wanda aka karya wa gadon baya, daidai da diyyar rai. Daga baya, a 1822, wani likitan Faransa mai suna Magendie ya tabbatar da bambancin saiwar ji da saiwar motsi, a 1850 kuma Bajamushe Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya same shi wajen mita 30 a sakan, bayan mutane sun daɗe suna zaton abu ne da ba ya aunuwa.

Tambaya ta farko: aikin da ba niyya

Mutum ya taka ƙaya ko garwashi. Kafin ya san abin da ya same shi, ƙafar ta riga ta ɗagu, ɗaya ƙafar kuma ta riga ta ƙage don kada ya faɗi. Abin da ya faru shi ne, labarin ya shiga ta saiwar baya, laka ta mayar da amsa ta saiwar gaba nan take, sa'an nan labarin ya haura zuwa ƙwaƙwalwa. Haka nan idan likita ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa, ƙafa takan harba ba da izinin mai ita ba. Laka a nan kamar wakili ce da aka ba izinin yanke hukunci a abin gaggawa, domin in an ce sai an jira sarki ya farka, gari ya ƙone.

Irin wannan motsi ba a jingina shi ga mutum ta fuskar zunubi, kamar yadda ba a kama mai barci da abin da hannunsa ya yi. Amma malamai sun bambanta zunubi da ramuwa. Wanda ya zabura saboda zafi ya ture tulun maƙwabcinsa ya fashe, ba shi da laifi wurin Allah, amma zai biya tulun, domin hasarar ta auku ta hanyar jikinsa, kuma ba adalci ba ne a bar ta a wuyan wanda ba ruwansa. Haka nan masu farfaɗiya, da tsofaffi masu makyarkyata, da shanyayyun da ƙafarsu ke fizga ita kaɗai, duk suna da uzuri, kuma yi musu dariya ko jingina abin ga mugun hali zalunci ne.

To, a nan ne mutane da yawa suke neman mafaka inda babu mafaka. Magidanci ya mari matarsa, ko malami ya yi wa almajiri dukan da ya wuce kima, ko direba ya zazzaga ashar, in an yi magana sai ya ce hannuna ne ya kuɓuce, bakina ne ya suɓuce, ban san lokacin da na yi ba. Ilimin jiki bai goyi bayan wannan uzuri ba. Laka ba ta san mari ba, ba ta san ashar ba. Abin da ta sani shi ne janye gaɓa daga cuta. Mari kuwa yana bukatar ido ya auna nisa, ƙwaƙwalwa ta zaɓi wanda za a mara, umurni ya sauko ta farar hanyar nan. Hujja a kan haka ita ce, shi wannan mai hannun da ke kuɓucewa a cikin gida, bai taɓa kuɓuce masa ba a gaban jandarma ko a gaban mai gidansa na kasuwa.

Har ma janyewar nan ta asali ƙwaƙwalwa tana iya danne ta. Mace ta ɗauko tukunya daga murhu, zafi ya ratsa tsumman da ta riƙe da shi, amma ta ga ɗanta yana rarrafe a ƙarƙashinta, sai ta daure ta kai tukunyar gefe ko da yatsunta za su sale. Idan ana iya riƙe abin da aka halitta a cikin laka saboda ƙaunar ɗa, to riƙe abin da mutum ya koya wa kansa ya fi sauƙi.

Wani zai ce, ai gaskiya ne fushi yana zuwa da sauri, har mutum ya yi abu kafin ya yi tunani. Mun yarda da haka. Duk aikin da aka maimaita yana zama mai sauƙi ga jijiyoyi, har ya riƙa gudana ba tare da an tsaya tunani ba. Da haka masaƙi yake saƙa yana hira, da haka mahaddaci yake karatu harshensa na gaba da tunaninsa. Sai dai wannan bai ɗauke alhaki ba, ya dai mayar da shi baya zuwa ranakun da aka yi ta maimaitawa. Wanda ya shekara ashirin yana sakin hannunsa duk lokacin da ransa ya ɓaci, marin yau ɗan waɗancan shekaru ne. Kuma ta ƙofar da mugun sabo ya shiga, ta nan kyakkyawa yake shiga, domin haƙuri ma ana koya wa jiki shi da maimaitawa.

Tambaya ta biyu: niyyar da ba aiki

Idan laka ta yanke, abin da Jalinusu ya gani a dabba shi ke faruwa ga mutum. Rauni a bayan ƙirji ko ƙugu yana shanye ƙafafu. Rauni a ƙasan wuya yana haɗawa da hannuwa. Rauni a can saman wuya yana tsayar da numfashi. Sau da yawa riƙon fitsari da bayan gida yana tafiya tare da su. Hankali kuwa yana nan daram, mutum yana so, yana umurni, saƙon ne ba ya wucewa. Cutar shan-inna ita ma a laka take ɓarna: ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta lalata ƙwayoyin motsi da ke gaban ruwan tokar nan, shi ya sa ƙafar yaro take shanyewa alhali tana jin taɓi. Ba aljana ce ta sha ƙafar ba. A 1988, lokacin da aka ɗaura yaƙi da ita a duniya, tana shanye yara wajen 350,000 a shekara. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar ta ƙare a nahiyar Afirka, ko da yake wani nau'inta yana ɓulla a inda yara ba su samu rigakafi sosai ba.

Shin wanda jikinsa ya daina bin umurninsa ya ragu a mutuntaka? Shari'a ta amsa tun da daɗewa, domin ta rataya wajibi ga iko: wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance, wanda ba ya iya motsi ya yi da nuni. Ba a sauke masa salla ba, kuma rashin saukewar nan girmamawa ce, domin shaida ce cewa har yanzu cikakken mutum ne da ake magana da shi. Ra'ayinsa a gidansa, da dukiyarsa, da shawararsa a cikin dangi, duk suna nan. Amma mu a aikace mukan mayar da shi kaya: a yi magana a kansa yana ji ba a tambaye shi ba, a shigar da shi ƙuryar ɗaki, ko a tura shi bakin hanya bara.

Ya kamata a sani cewa abin da ya fi kashe irin waɗannan bayin Allah bayan sun tsira daga haɗarin farko shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara, kuma duka biyu ana iya kare su. Fatar da ba ta ji ba ta gaya wa mai ita ya juya, sai jini ya tsaya a wurin da nauyi ya danne, nama ya mutu. Maganin wannan shi ne a juya majinyaci kowace awa biyu, dare da rana, a tsabtace shi, a kula da fitar fitsarinsa. A lokacin yaƙin duniya na farko mafi yawan sojojin da suka ji rauni a laka ba su daɗe ba suka mutu. A 1944 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya buɗe sashe na musamman a Stoke Mandeville ta Ingila, ya dage a kan juyawa da tsabta da motsa jiki da koyon sana'a, sai ga mutanen da aka fid da rai da su suna rayuwa shekaru masu yawa. Wasannin da ya fara shirya musu a 1948 su ne suka zama gasar naƙasassu ta duniya a birnin Rum a 1960. Lakarsu ba ta warke ba, kulawar da aka ba su ce ta sauya. Wanda ya yi niyya jiki ya ƙi, haƙƙinsa ne ƴan uwansa su zama hannuwansa da ƙafafunsa.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan tambaya da ya shafe mu masu lafiya, wato kyakkyawar niyya da take haifar da mugun aiki. Mota ta kife a hanyar Maradi zuwa Damagaram, ko ɗan kabu-kabu ya faɗi a cikin gari, jama'a su rugo da zuciya ɗaya, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, a zaunar da mutum, a girgiza kansa, a lanƙwasa shi a cusa cikin ƙaramar mota. Mai yiwuwa ƙashin ne kawai ya karye, laka ba ta taɓu ba, sai ɗaukar nan ta ƙarasa abin da haɗarin ya bari. Wanda ya ji rauni yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ba a zaunar da shi. In ba wuta ko wani haɗari ke tahowa ba, a bar shi yadda yake har masu ceto su zo. In kuwa dole ne a ɗauke shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya daidai da jiki, sauran su ɗaga shi gaba ɗaya kamar itace, a shimfiɗa shi a kan ƙyaure ko allo mai ƙarfi. Karayar gadon baya kuma ba ta maɗori ba ce, komai gwanintarsa a kan hannu da ƙafa.

Haka nan allurar da ake yi wa yara a ɗuwawu a hannun wanda bai koya ba. Babbar jijiyar nan da muka ambata tana ratsa wurin, kuma allura ɗaya da ta same ta tana iya barin yaro yana jan ƙafa har tsufansa. Malaman fiƙihu sun hukunta cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ya yi, kuma cewa taimako ya yi nufi ba ya kuɓutar da shi. A ɗaya gefen, tsoron da ba shi da tushe shi ma yana kisa. Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau, kuma annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutane fiye da 250,000 a ƙasashen wannan yanki, ta kashe wajen 25,000. Ana gane wannan cuta ne ta hanyar ɗibar ruwan baya, amma wasu iyaye sukan hana, wai allurar tana shanye ƙafa. Likita yana soka ta ne a ƙasan ƙugu, tsakanin ƙashi na 3 da na 4 ko na 4 da na 5, ƙasa da inda laka ta ƙare. Saboda haka niyya tana gyara aiki tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma ba ta mayar da jahilci ilimi, kuma neman sanin yadda ake taimako yana cikin taimakon.

Tambaya ta uku: gaɓar da ba ta ji

Kowa yana gudun zafi, har mutum yakan yi burin a ce an halicce shi ba ya jin ciwo. Kuturta ta nuna mana abin da wannan buri yake nufi. Ƙwayar da ke kawo ta, wadda likitan Norwe Hansen ya gano a 1873, tana kama jijiyoyin da ke kusa da fata, a gwiwar hannu, da wuyan hannu, da gefen gwiwa, da idon sawu, har ji ya ɗauke. Mutane suna zaton cutar ce take cinye yatsu. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Indiya tun daga ƙarshen shekarun 1940, ya nuna cewa mafi yawan wannan ɓarna daga rashin jin zafi take: mutum ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, ya yini da ƙusa a takalmi, ya ci gaba da taka gyambo har ƙashi ya ruɓe. Irin wannan ke samun masu ciwon sukari idan ya daɗe, shi ya sa ake umurtarsu da duba tafin ƙafarsu kowace rana, ido ya tsaya a madadin jijiya.

Kuturta ba la'ana ba ce, ba kuma gadon gida ba ce. Tana warkewa da haɗin magunguna na wata 6 ko 12, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa kyauta tun 1995, kuma wanda ya fara shan magani ba ya harbin kowa. A Danja, kudu da Maradi, an daɗe ana kula da masu wannan cuta. Abin da ke kai mutum ga dungu shi ne jinkiri, abin da ke kawo jinkiri kuma shi ne kunya da tsoron ƙyamar mutane. Wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarsa wanda ba ya jin taɓi, ya gaggauta zuwa asibiti tun jijiya ba ta mutu ba. Mu kuma da muke ƙyamar, muna da kaso a cikin kowane yatsa da ya gutsure saboda ɓoyo.

Ashe zafi ɗan aike ne, kuma gidan da ya kori ɗan aike bai kori labarin ba. Amma kada a wuce iyaka a ce duk wani zafi alheri ne da za a bar mutum a cikinsa. Jijiyar da ta lalace takan aika saƙon ƙarya, har wanda aka yanke wa ƙafa yakan ji raɗaɗi a ƙafar da babu ita; kuma ɗan aiken da ya riga ya isar da saƙo ba a bar shi yana ta buga ƙofa. Neman sauƙin ciwo halal ne, ba ya rage haƙuri, kuma hana majinyaci maganin raɗaɗi da sunan jarumtaka ba tausayi ba ne.

Abin da ya tabbata ga jiki a nan yana da misali a zuciya. Damuwar da mutum yake ji bayan ya yi ƙarya ko ya ci haƙƙin wani, ita ce jijiyar jinsa. Ranar da ya yi irin wannan bai ji komai ba, kada ya ɗauka lafiya ya samu. Gari ma haka yake: idan shanyayye ya kwana cikin fitsarinsa a bayan katangarmu ba wanda ya ji a jikinsa, to wata jijiya ta mutu a unguwar.

Abin da ke gyaruwa da abin da ba ya gyaruwa

Akwai wani bambanci na ƙarshe da ya kamata mai hankali ya riƙe. Jijiyar hannu ko ta ƙafa idan ta yanke aka ɗinke ta, takan sake tsirowa a hankali, kimanin milimita 1 a rana, ta yadda mai rauni a dantse zai yi watanni yana jira kafin yatsunsa su farfaɗo. Laka kuwa idan ta yanke gaba ɗaya, har yau likitoci ba su da hanyar mayar da ita yadda take, duk da binciken da ake ta yi. Wannan ya sa kiyaye ta ya fi neman maganinta: rage gudu a hanya, ɗaura ɗamarar mota, barin lodin mutane a saman kaya, kula da masu hawan dogayen itatuwa da masu shiga rijiya, kai yara rigakafi, da kai mai ciwon baya da ya daɗe yana rama da zazzaɓi asibiti, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya har ya danne laka, kuma yana da magani.

Amsar tambayoyinmu ke nan gwargwadon abin da ya sauwaƙa. Motsin da laka ta yi ita kaɗai babu zunubi a cikinsa, amma sabon da muka koya wa jikinmu namu ne. Wanda hanyarsa ta yanke mutum ne cikakke, kuma abin da ya kasa ya koma wuyan waɗanda ke kewaye da shi. Zafi kuwa a saurare shi tukuna, sa'an nan a nemi maganinsa. Wanda ya tashi da safe ya ce wa ƙafarsa taka ta taka, ya san cewa amana ce aka bar masa a hannu, kuma za a tambaye shi inda ya taka da ita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya sa mu yi amfani da gaɓoɓinmu a kan abin da Ya yarda da shi.